Ra'in Giɓin Kalmomi Miliyan 30 a Ma'aunin Gidan Bahaushe: Tsokaci Daga Mpape

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ra'o'in da suka yi tashe a fagen ilimin ƙananan yara akwai wanda ake kira giɓin kalmomi miliyan 30. Abin da ra'in yake cewa shi ne, kafin ɗan talaka ya cika shekara 4 a duniya, ɗan mai hali ya riga ya ji kalmomi miliyan 30 fiye da shi, kuma wannan giɓi ne yake bin yaron har cikin aji. Da yake magana ce mai saurin shiga kunne, ba wuya ta sami wurin zama a zuciyar mai tsara manhaja, har ya gina darasi a kanta ba tare da ya tambayi inda aka auno ta ba.

A wannan takarda za mu yi bitar ra'in, mu nuna inda ya yi daidai da inda ya gaza, sannan mu ɗora shi a kan gidan Bahaushen da ke zaune a Mpape, a Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja. Mun zaɓi Mpape ne saboda a can ne abubuwan da ke tasiri a kan rumbun kalmomin yaro suka haɗu wuri guda: ƙaura, da cuɗanyar harsuna, da talauci, da hayaniya, da kuma al'adun reno waɗanda aka taho da su daga gida. Abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Idan muka karɓi ra'in yadda yake, za mu horar da malamai su ɗauki ɗan talaka a matsayin wanda ya zo aji hannu rabbana. Idan kuma muka yi watsi da shi gaba ɗaya, za mu rufe ido daga wata matsala ta haƙiƙa.

2.0 Asalin Ra'in

Ra'in ya samo asali ne daga binciken wasu masana biyu na Jami'ar Kansas ta Amurka, wato Betty Hart da Todd Risley, wanda suka wallafa a littafi a shekarar 1995. Sun bi iyalai 42, suna ziyartar kowane gida na tsawon sa'a guda a wata, har kimanin shekara biyu da rabi, tun yaran suna 'yan wata 7 zuwa 9 har suka cika shekara 3. Daga cikin iyalan, 13 na manyan ma'aikata ne, 23 na masu matsakaicin hali da ƙananan ma'aikata, 6 kuma na waɗanda suka dogara da tallafin gwamnati.

Sun gano cewa ɗan rukunin farko yana jin kalmomi 2,153 a sa'a, ɗan rukuni na biyu 1,251, ɗan rukuni na uku kuwa 616. Da yaran suka kai shekara 3, rumbun kalmominsu ya kai 1,116 da 749 da 525 bi da bi. Sai masanan suka ɗauka cewa yaro yana farke sa'a 100 a mako, suka ninka lissafin har shekara 4, ya ba su kimanin kalmomi miliyan 45 ga ɗan rukunin farko da miliyan 13 ga ɗan rukuni na uku. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu shi ne giɓin da ake magana.

3.0 Inda Ra'in Ya Yi Daidai

Kafin mu yi suka, wajibi ne mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Hart da Risley sun fitar da binciken harshen yara daga ɗakin gwaji zuwa cikin gida, sun kuma jawo hankalin hukumomi ga shekaru ukun farko, waɗanda a da ake ganin ba ruwan ilimi da su. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa koyon harshe yana farawa tun kafin yaro ya buɗe baki. Werker da Tees (1984) sun nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya rarrabe sautukan harshen da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 ko 12 sai kunnensa ya tsaya a kan sautukan harshen da ake yi a gabansa. Ga ɗan Bahaushe, a wannan tsakani ne ake sa ran kunne zai zauna a kan bambancin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da daka da ɗaka. Bergelson da Swingley (2012) kuma sun nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 sun riga sun san ma'anar wasu sunaye na abinci da gaɓoɓin jiki.

Har wa yau, bambancin da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na marasa hali ba ƙage ba ne. Fernald da abokan aikinta (2013) sun same shi tun yara suna wata 18, kuma zuwa wata 24 tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu wajen saurin gane kalma ta kai ta wata 6. Saboda haka ba mu da ja a kan cewa abin da yaro ya ji yana tasiri ga abin da zai faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tantance irin jin da ke da amfani, da wanda yake yin maganar, da kuma yadda za a ƙidaya ta.

4.0 Raunin Hanyar Bincike

Rauni na farko shi ne ƙarancin waɗanda aka bincika. Adadin miliyan 13 an gina shi ne a kan gidaje 6 kacal, dukansu na baƙar fatar Amurka, a gari guda. Na biyu, sa'a guda a wata ce aka ninka ta zama shekara 4, alhali kowa ya san ba a magana da yaro da yawa iri ɗaya daga asuba zuwa dare. Na uku, akwai baƙo zaune a ɗaki da rakoda. Zuwan baƙo yakan sa wata uwa ta ƙara surutu don a ga ƙoƙarinta, wata kuma ta kame bakinta. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san wadda za ta kame.

Da aka samu na'urar da ake rataya wa yaro tana naɗar maganar wuni guda ba tare da baƙo ba, Gilkerson da abokan aikinta (2017) sun sake auna abin a gidaje 329, suka sami giɓin kimanin kalmomi miliyan 4. Sperry da Sperry da Miller (2019) kuma sun nazarci al'ummomi biyar a Amurka, suka ƙidaya duk maganar da ke kewaye da yaro, har da ta 'yan'uwa da wadda ba da shi ake yi ba. Da aka yi haka, sai tsarin da Hart da Risley suka zana ya wargaje, har aka tarar 'ya'yan wata al'ummar matalauta ta jihar Alabama suna jin magana fiye da takwarorinsu na wasu al'ummomin da suka fi su hali.

Sai dai ba a nan muhawarar ta ƙare ba, kuma bai kamata mu ɗauki ɓangaren da ya yi mana daɗi kawai ba. Weisleder da Fernald (2013) sun tarar cewa maganar da aka fuskanci yaro da ita ce take hasashen yawan kalmominsa, wadda ya tsinta a gefe ba ta yi ba. Shneidman da Goldin-Meadow (2012) sun sami irin wannan sakamako a wani ƙauyen Mayawa na Yukatan a Meziko, inda yawancin maganar da yaro yake ji ta yara 'yan'uwansa ce. A ɗaya ɓangaren, Casillas da Brown da Levinson (2020) sun ga cewa yaran Tseltal, su ma a Meziko, duk da ƙarancin maganar da ake fuskantar su da ita, suna fara furta kalma da haɗa kalmomi a daidai lokacin da aka saba gani a sauran wurare. Romeo da abokan aikinta (2018) suka ƙara da cewa yawan musayar zance, wato a faɗa wa yaro ya mayar a sake mayar masa, ya fi yawan kalmomi alaƙa da ƙwarewarsa a harshe. A nan gida kuma, binciken Childers da Vaughan da Burquest (2007) a kan yaran Angas na jihar Filato ya nuna alaƙa tsakanin koyon kalmomi da haɗa hankali wuri guda, wato yaro da mai renonsa su dubi abu ɗaya a lokacin da ake ambaton sunansa.

Abin da za mu tsinta daga duk wannan shi ne, adadin miliyan 30 bai tsaya da ƙafarsa ba, amma darajar magana da yaro kai tsaye tana nan daram.

5.0 Matsalar Ƙidayar Kalma a Hausa

Akwai wata matsala da ba a cika tayar da ita ba, ita ce ta abin da ake nufi da kalma. Ma'aunin da ya fi shahara wajen auna rumbun kalmomin yara shi ne na MacArthur da Bates, wanda Fenson da abokan aikinsa suka bayyana sakamakonsa a 1994. Jerin kalmomi ne da ake ba iyaye su nuna waɗanda ɗansu ya sani, kuma na manyan yaran yana ɗauke da kalmomi 680. A cikinsu akwai sunan ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen sanyi da nau'o'in abincin da ɗan Mpape bai taɓa gani ba. Masu ma'aunin da kansu sun yi gargaɗin cewa a daidaita shi da kowane harshe, kada a tsaya ga fassara. An yi irin wannan aiki a Kenya, inda Alcock da abokan aikinta (2015) suka samar da na Suwahili da na Giriyama, wanda ake karanta wa iyaye da baki saboda waɗanda ba su yi karatu ba.

Duk wanda zai yi wa Hausa irin wannan aiki sai ya fara warware wasu tambayoyi na ƙirar kalma. Tun 1960 Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. To, yaron da ya iya cewa ɗauka da ɗauko da ɗauke, kalma ɗaya ya sani ko uku? A Turanci sai an haɗa kalmomi biyu ko uku kafin a faɗi abin da ɗauko ta ƙunsa. Haka jam'i: yaro da yara, gida da gidaje, kare da karnuka, akuya da awaki, mace da mata. Babu doka ɗaya da yaro zai riƙe ya fitar da su duka, don haka kusan kowane jam'i koyonsa yake yi daban. Sannan ga karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. A takarda, kuka na hawaye da kuka ta miya siffa guda ce, haka gari na zama da gari na tuwo, amma a kunnen yaro kalmomi ne mabambanta. Daɗin daɗawa, akwai amsa-kama irin su wur da fat da ƙirin da tsaf, waɗanda suke da yawa a bakin masu wasa da yara, amma jerin da aka fassaro daga Turanci ba zai tanadar musu gurbi ba.

Ke nan, alƙaluman da aka samu a Kansas ba za su zauna daidai a kan Hausa ba, kuma malamin da ya auna ɗan Bahaushe da fassararren jeri zai fitar da sakamakon da ya yi ƙasa da abin da yaron ya sani.

6.0 Gidan Bahaushe da Rabon Aikin Magana

Ra'in ya ɗauka cewa uwa ko uba su ne tushen maganar da yaro yake ji. A gidan Bahaushe na gargajiya ba haka abin yake ba. Akwai kunyar ɗan fari, wadda Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ko ga sauran 'ya'yan ma, yawan zuba da jariri a gaban surukai yakan zama rashin kara. Mai bincike da ya zo da rakoda ya auna uwa ita kaɗai zai koma da labarin cewa ba a magana da yara a wannan gida.

Amma al'adar da ta rufe bakin uwa ita ce ta buɗe na wasu. Kaka abokiyar wasan jika ce. Ita ce take kiran jikanta mijina, ta kira jikanyarta kishiya, ta tsokane su, ta jira martani, ta yi dariya, ta sake tsokana. Wannan shi ne ainihin musayar zancen da masana suke yabawa. Akwai goggo da inna da kishiyar uwa, akwai kuma 'yar reno, wato yayar yaro ko 'yar maƙwabta da take goya shi tana yawo da shi gida-gida. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, sau da yawa wurin kaka ake kai shi, daidai lokacin da kalmomi suke ƙaruwa a bakinsa da sauri. Ga waƙoƙin reno, ga tatsuniyar dare, ga kacici-kacici, ga gaisuwa mai amsa-amsa wadda ake tilasta wa yaro tun bakinsa bai nuna ba. A taƙaice, gidan gargajiya ya raba aikin magana da yaro tsakanin mutane da yawa.

7.0 Abin da Mpape Ta Sauya

Mpape tana kan tuddai, a saman unguwar Maitama, cikin Ƙaramar Hukumar Bwari. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne. Fasa dutsen ginin Abuja da kuma tsadar haya a cikin birni su ne suka cika ta da baƙi daga ko'ina a ƙasar nan, har wasu sassanta suka ɗauki sunayen kamfanoni da wuraren fasa dutse, kamar Berger Quarry da Crushed Rock. A 2012 hukumomin Abuja sun sanya ta cikin unguwannin da za a rushe, mazauna suka garzaya kotu. A watan Satumba na 2018 kuma aka ji motsin ƙasa a yankin, har aka dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Waɗannan abubuwa suna nuna irin zaman ɗar-ɗar da iyalai suke renon 'ya'yansu a ciki.

Mu ɗauki misalin matashin da ya taso daga ƙauyen Katsina ko Zamfara ya kama ɗaki guda a gidan haya, ya ɗauko amaryarsa, Allah ya ba su haihuwar fari. Kaka tana gida, goggo tana gida, babu 'yar reno. Maigida yana fita da asuba wurin acaba ko tireda ko lodin tifa, sai dare. Kunya kuwa ta biyo uwar har Abuja, ko da ta ragu. A nan ne matsalar take: ƙaura ta kwashe waɗanda al'ada ta ɗora wa aikin magana, ta bar wadda al'ada ta ce ta yi shiru. Mai ra'in giɓi zai ce laifin talauci ne da jahilcin uwa. Mai adawa da ra'in zai ce babu komai, gidan Afirka cike yake da mutane. Dukansu biyu ba su dubi wannan ɗaki ba.

Akwai wasu abubuwa guda huɗu da suke ƙara wa lamarin nauyi, waɗanda ƙidayar kalmomi ba ta kama su.

Na farko, abinci da lafiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaron da ke fama da tamowa ba shi da kuzarin tanka wa mai yi masa wasa. A Jamaika, Grantham-McGregor da abokan aikinta (1991) sun bi tsumburarrun yara 129, suka tarar ƙarin abinci yana taimakawa, wasa da magana ma suna taimakawa, haɗa su biyun kuma ya fi. Bayan kimanin shekara 20, waɗanda aka yi wa shirin wasa da magana suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100.

Na biyu, ji. Ciwon kunne mai fitar da ruwa yana rage ji, kuma sau da yawa ba a kai yaro asibiti a kansa. Ga ƙarar janareta da injin niƙa da tifa da nakiya. Harshen da ya dogara da tsawon wasali da bambancin k da ƙ yana bukatar kunnen da ya ji sosai.

Na uku, wayar hannu. Uwar da aiki ya yi wa yawa takan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, wasu ma suna ganin hanya ce ta koyon Turanci. Kuhl da abokan aikinta (2003) sun sa jarirai 'yan wata 9 a Amurka sun saurari Sinanci sau 12. Waɗanda mutum ya zauna da su sun koyi rarrabe sautukansa, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko faifai ba su koya ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a guda a rana.

Na huɗu, yawan harsuna. A tsakar gida guda a Mpape yaro yana iya jin Hausa da Gbagyi da Tibi da Ibo da Turancin buroka. Wannan ba cuta ba ce. Pearson da Fernández da Oller (1993) sun nuna cewa yaron da ya tashi da harshe biyu, idan aka haɗa abin da ya sani a dukansu, bai gaza mai harshe ɗaya ba. Kuskuren yana faruwa ne a ƙofar makarantar nazare, inda ake tambayar yaro sunan abu da Turanci kaɗai, ya yi shiru, a rubuta cewa bai san komai ba.

8.0 Matsayin Manhaja

Tun bugun 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a koyar da yaran share fage da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin da suke. A 2007 Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ta fitar da manhajar yara daga haihuwa zuwa shekara 5. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar harshe wadda ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da janye ta da mayar da Turanci harshen koyarwa.

Ko da wane harshe za a koyar a aji, shekaru ukun farko a gida ake yin su, da harshen gida. Haɗarin da muke hange shi ne iyaye su fahimci wannan sanarwa a matsayin umarnin su daina yi wa jarirai Hausa. Uwar da za ta iya zuba zance mai yalwa da Hausa, idan ta koma jefa wa ɗanta 'yan kalmomin Turanci guda goma da ta sani, an yi ba a yi ba ke nan: ta rage masa Hausar, ba ta kuma ba shi Turancin ba. Yaron da ya san ma'anar nauyi da zurfi da jiya da gobe a harshensa, suna kawai zai sauya musu idan ya shiga aji.

Ya kamata kuma masu rubuta littafin jagoran malami su kula da kalmomin da suke zaɓa. Kalmar gwaranci, wadda aka saba kiran maganar jarirai da ita, ta samo asali ne daga sunan da Hausawa suke kiran Gbagyi da shi. Ba ta dace da littafin da za a karanta a ƙasar Gbagyi ba, ko a wani wuri ma.

9.0 Shawarwari

i. A daina kawo adadin miliyan 30 a tarukan horar da malamai a matsayin tabbatacciyar magana. Idan an kawo shi, a kawo shi tare da sukan da aka yi masa.

ii. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa kai su samar da ma'aunin kalmomin yara na Hausa, wanda za a tattaro daga bakin iyaye da masu reno, a yi la'akari da karin harshen Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau, a kuma tsayar da matsaya a kan giredi da jam'i da amsa-kama.

iii. Duk inda za a auna yaro a wuri irin Mpape, a tambayi abin da ya sani a duk harsunan da yake ji, a kuma tambayi duk mai renonsa, ba uwa kaɗai ba.

iv. Saƙon da za a kai wa iyaye ya bi ta hanyar al'ada. A Senegal, Weber da Fernald da Diop (2017) sun auna wani shiri na ƙungiyar Tostan a ƙauyukan Wolof, inda wasu suke gudun magana da jariri don tsoron iskoki. Bayan shekara guda, masu reno sun ƙara yawan maganar da suke yi da yara sosai, yaran ma bakinsu ya ƙara buɗewa. Haka za a iya yi a nan ta hanyar ungozoma da malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan riga-kafi. Kunya ta gaban mutane ce, ba ta hana uwa magana da ɗanta a ɗaka lokacin wanka da shayarwa da girki.

v. Manhajar gidajen reno ta ware lokaci na musamman ga waƙar reno da tatsuniya da wasan tambaya da amsa, ta kuma ba manyan yara da tsofaffin mata na unguwa gurbi a ciki, don a mayar da wani abu daga aikin da kaka da 'yar reno suke yi.

vi. A koya wa masu reno alamomin da ke bukatar a kai yaro asibiti: wanda ba ya waiwayar sauti, da wanda ya kai wata 18 bai furta kalma ko ɗaya ba, da wanda ya haura shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba.

10.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi ra'in giɓin kalmomi miliyan 30 tun daga tushensa, mun ga cewa adadin an gina shi a kan gidaje kaɗan da lissafin ninkawa, kuma ma'aunin kalmarsa bai dace da ƙirar Hausa ba. Mun kuma ga cewa abin da ya rage na gaskiya a cikinsa, wato bukatar a fuskanci yaro da magana a saurari martaninsa, gidan Bahaushe ya daɗe da tanadar masa hanya ta bakin kaka da goggo da 'yar reno. Abin da Mpape ta nuna mana shi ne wannan hanya tana tsinkewa idan iyali ya yi ƙaura. Tambayar da ta kamaci mai tsara manhaja ya yi game da kowane yaro ita ce: wa yake magana da shi, da wane harshe, kuma yana samun damar mayarwa? Daga amsar wannan tambaya ce ya kamata a fara rubuta darasin farko na ajin share fage.